Sunan Audu a Kan Sabulu

Ranar da har yau ba ta fita raina ba wata Alhamis ce, bayan la'asar, a zauren gidan marigayiya Inna Hajo da ke Ƙofar Kware. Mu bakwai ne. Akwai ni, Kulu, uwar tukunyar gidan. Akwai Audu, ɗan Inna Hajo, wanda ya gaji sana'ar, ya gaji zauren, bai gaji hankalin ba. Akwai Ige dillaliya, mai kai mana sabulu gida gida. Akwai Nana da Mairi masu tuƙi, waɗanda suka bar mini tukunya a kan wuta suka zo leƙe. Akwai Malam Buhari na unguwarmu. Sai wata tsohuwa daga Ƙofar Atiku ana ce da ita Tumba, wadda Ige ta kawo a kan jaki don ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Jakin shi ne na takwas, a waje ya tsaya, kuma shi kaɗai ne bai ɗaga murya ba ranar.

Shekarun nan ne da Nasara suka zauna da gindinsu, aka fara buɗe kanti a garin nan, ana miƙo mana anini mai huda muna juya shi muna tambaya ko na ratayawa ne. Ku da kuke riƙe muciya yanzu ba a haifi ko ɗayarku ba, don haka bari in fara gaya muku yadda gidan yake.

Sabulun salo muke yi, kamar yadda kuke yi. Masu toka su ƙona karan dawa, su zuba tokar a tukunya mai huji, su tace ruwanta. Mahauta su kawo kitse da sassafe, a narka, a haɗa da man kaɗe. Masu tuƙi su tuƙa har kafaɗa ta mutu. Uwar tukunya ita ke cewa a ƙara toka, ita ke cewa a sauke. Ba ta da ma'auni sai harshenta: ta ɗan lasa, in ya ciji harshe zai ciji fatar mutane, a mayar da shi wuta. Ni na yi wannan lasa shekara ashirin da wani abu, shi ya sa har yau ba na jin gishirin miya sosai. In ya ɗan huce a cura, dillaliya ta ɗauka. A kan kowa kuma akwai mai gida, wadda kitsen da tukwanen da sunan duk nata ne.

Inna Hajo tana da shaidarta. Kowane curi sai ta danna masa yatsu biyu tun da ɗuminsa. Mace a cikin kulle ba ta taɓa ganin fuskarmu ba, amma in ta ga ramin yatsu biyu ta san za ta iya yi wa jaririnta wanka da shi ta kwanta da kwanciyar rai. Abin da muke ci ke nan, mu shida da iyalanmu.

To, Allah bai hana kowa yatsu ba. Inna Hajo ba ta yi arba'in a ƙasa ba sai ga sabulu mai yatsu biyu ta ko'ina. Wasu mata can wajen Gidan Dahala, masu ƙyashin kitse, su cika toka su danna yatsu su ce na gidan Hajo ne. Ige ta dawo wata rana ta ce an nuna mata bayan wani jariri duk ya yi ja, uwar tana cewa, "Tun da tsohuwar ta rasu sabulunku ya lalace." Ba namu ba ne, amma mu aka zaga. Gida huɗu suka hana Ige shiga a mako guda. Wannan damuwa gaskiya ce, ba zan ɗora wa Audu ita ba. Maganin da ya kawo shi ne nasa.

Audu a lokacin yana da gemu da 'ya'ya uku. Ya yi damina biyu yana aiki a kantin wani Bature, aikinsa kwance ɗaurin kaya da korar akuya daga baranda, amma a unguwa cewa yake shi akawu ne. Daga can ya samo wata hular kwano da ta yi masa yawa, da kuma ɗabi'ar ɗaga yatsa ɗaya in zai yi magana.

Wata safiya ya shigo cikin gida da sabulun kanti fari a hannunsa, ya ɗaga yatsan.

"Goggo, kin ga wanga? Mi kika gani a jikinsa?"

Na ce, "Na ga abin da ba ya kumfa a ruwan rijiyarmu."

"Suna, Goggo. Suna! Bature ba ya danna yatsa kamar mai gwada tuwo. Sunansa yake bugawa. Kowa na da yatsu, amma ba kowa ke da tambari ba. Duniya ta sake, ke kina nan kina lasa."

Na ce masa in duniya ta sake, fatar jarirai ba ta sake ba. Ya ce zan gani.

Kwana goma ba mu ji komai ba, don ya ce asiri ne, kada 'yan Gidan Dahala su ji su riga shi. Ran nan ya kawo wani abu a naɗe cikin ƙyalle: tagulla ce mai faɗin tafin hannun jariri, da mariƙi, maƙeri ya zana mata da'ira da 'yan ƙananan rubutu a ciki. Ni ban yi karatu ba, amma na san kamannin rubutu in na gan shi.

Na ce, "Audu, rubutu a kan sabulu?"

"Ba aya ba ce, Goggo, ba addu'a ba ce. Sunana ne kurum."

"Sunanka kurum?"

"Aradu sunana kurum."

Nan ne nawa laifin, kuma ina faɗa muku don kada ku ce tsohuwa ta wanke kanta. Ni na san shi Audu tun yana yawo ba wando. Audu uwarsa ke kiransa, Audu nake kiransa in zan ja masa kunne. Na ce a raina, in sunan Audu ya bi ruwan wanka ya shiga makwarara, ai wurin da ya dace ya tafi. Na karɓi tambarin. Da hannuna na buga shi a kan kwando goma sha biyu na sabulu. Aikin ma ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, rubutun ya fito ɗas a kan baƙin curi.

Makon farko sabulu ya yi ta tafiya kamar ana rabon sadaka. Ige ta fita da kwando da hantsi, kafin azahar ta dawo ɗaukar wani. Audu ya sa aka wanke hular kwano. Ya riƙa zama a ƙofar zaure yana gaya wa masu wucewa cewa nan da baɗi Bature da kansa zai zo koyon ciniki wurinsa. Ya fara ce mini "tsohuwar ma'aikaciyata" a gaban baƙi.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don na san yadda ake sayen sabulu. Mace mai sayen sabulu sai ta shinshina, ta latsa, ta ce ya yi ƙarami, ta zagi kitsen, sannan ta saya. Na tambayi Ige su wa ke saye.

Ta ce, "Goggo, ni ma abin shina ba ni mamaki. Tsofaffi ne. Da hannu biyu suke karɓa, wata ma har sumbata ta yi. Ko tayi ba su yi."

Na ce, "Masu jego fa?"

"Masu jego kallo ɗaya suke yi su ce in tahi da shi."

Na je na gaya wa Audu. Ya ɗaga yatsa ya ce haka kaya mai daraja yake, manya ke fara gane shi.

Sai Alhamis ɗin nan. Ina bakin tukunya na ji hayaniya a zaure, na fito na tarar Ige ta dire kwando cike, ko curi ɗaya bai ragu ba. Tumba na zaune a ƙasa ta jingina da bango, idanunta sun faɗa ciki. Malam Buhari na tsaye da curi guda a hannu, ya riƙe shi sama da ƙirjinsa kamar mai tsoron ya taɓa ƙasa.

Tumba ce ta fara, muryarta kamar ta mai magana daga rijiya. "Ke ce mai maganin?"

Na ce, "Wane magani, Inna?"

"Wanga mai rubutu. Anka ce na ciwon gwiwa ne. Na wanke rubutun a ƙwarya na sha safe da marece kwana uku. Ɗiyata, gwiwar tana nan yadda take, amma ban bar komi a cikina ba. Abin da na ci tun bikin aurena ya hita."

Nana da Mairi suka toshe baki da zane. Na juya na dube su, suka daina.

Malam Buhari ya ce, "Kulu, kin san abin da ke rubuce a nan?"

Na ce, "Sunan Audu ne, Malam."

"Babu wani Audu a nan. Abdullahi anka rubuta. Bawan Allah. Ga sunan Ubangiji nan ƙarara, ga shi, ga shi." Yana nuna mini da farce kamar zan iya karantawa. "Wanga abu za a shiga da shi makewayi? A goga a hammata? Ruwan ya bi makwarara karnuka su taka?"

 Shekara talatin ina kiran mutum Audu, ban taɓa tsayawa na tuna cewa guntu ne na wani suna ba, kuma abin da aka gutsure shi ne mafi girma. Sai a lokacin na gane abin da ya faru a gidajen mutane. Masu karatu a cikinsu sun karanta sun tsorata sun ƙi saye. Marasa karatu sun ga rubutu sun ɗauka na sha ne. Mako guda muna murna, ba wanda ya yi wanka da sabulunmu a garin nan.

Malam ya juya kan Audu. "Wane jahili ne ya rubuta maka wanga?"

Audu ya cire hular kwano ya riƙe ta a hannu. "Allah gafarta Malam, ai kai ne."

Malam ya nuna ƙirjinsa.

"Ni?"

"Ranar da na kawo maka goro, na ce ka rubuta mini sunana a takarda in kai wa maƙeri."

"Hatimin wasiƙa ka ce! Ka ce za ka riƙa aika wa Turawa takarda! Da ka ce sabulu ne, da ko alif ban ɗiga maka ba!"

"Asiri ne, Malam, shi ya sa."

"Kuma don mi ba ka duba ba?"

Nan akawun unguwarmu ya sunkuyar da kai. Ashe shi ma karatun nasa bai wuce nawa da nisa ba. Ya bar allo tun kafin ya iya haɗa baƙi, ya tafi korar akuya.

Ige ta ce ba nan maganar ta tsaya ba. Matan Gidan Dahala sun riga sun ji, suna bin gidaje suna cewa gidan Hajo na zubar da sunan Allah a kwata. Wani mai gida a Ƙofar Atiku ya ce in ya sake ganin kwandonta a ƙofarsa, wurin alƙali za su haɗu. Ta ce, "Goggo, shekara sha biyar ina shiga gidajen nan ba sallama biyu. Yau ta bayan danga anka yi mini magana."

Kuna tsammani Audu ya ji kunya? Ya ji, na ɗan lokacin da za a sha ruwa. Daga nan na ga yatsan yana tashi.

"To ai Malam, in an duba, kasuwa ce ta buɗe. Tun da mutane na so don magani, mi zai hana mu ce maganin ne? A rage toka kaɗan don kada ya yi ƙarfi, a ƙanƙanta curin..."

Tumba ta lalubi sandarta, ba ta da ƙarfin ɗagawa. Ni na ɗaga mata ita.

Na ce, "Audu, dube ni. Na yi wa uwarka aiki tun kana goye. Ba ta taɓa sayar wa mutum abin da ba shi ne ba. In ka ƙara faɗin maganar nan, yanzu zan shiga in kife tukunyar da ke kan wuta, in ɗauki muciyata in tahi, Nana da Mairi su bi ni. Sai ka lasa da kanka."

Ya ja da baya har ya taka kwandon. Ya ce to a canza, a sa maƙeri ya yi da rubutun boko irin na kanti, wannan ai ba mai cewa aya ce.

Ige ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Sai su ce na Nasara ne. Ka san abin da mata ke cewa ana sa wa sabulun kanti? Kitsen alade. Ka buga boko a kai ka gani ko mahautan da ke kawo muku kitse za su sake gaishe ka."

Audu ya zauna a kan dakali. Bai sake ɗaga yatsa ba.

Malam Buhari ya yanke magana. Ba a sayarwa, ba a wanka da shi, ba a zubarwa a juji. Duk inda rubutun yake a cire shi, a tara, a binne a wuri mai tsarki inda ba a takawa. Waɗanda aka riga aka sayar, Ige ta bi gida gida ta karɓo. Shi kuma zai faɗa a masallaci bayan sallar Juma'a cewa kuskure ne ba ganganci ba, tun da hannunsa na ciki. Ya faɗi wannan na ƙarshen yana kallon rufin zaure.

Audu ya ce a hankali, "In anka yanke fuskar kowane curi, ai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tahi."

Na ce, "Ya tahi."

Na miƙa hannu, ya zaro tambarin daga aljihu ya ba ni, na miƙa wa Malam ya tafi da shi. Na shiga na dama wa Tumba kunun tsamiya mai kauri na ba ta da hannuna, na cika mata ƙwarya da gero, Ige ta mayar da ita gida. Da za a hau da ita jaki ta kama hannuna ta ce, "Amma ɗiyata, shina da ƙamshi." Tukunyar da Nana da Mairi suka bari kuwa ta kama, sai da muka kai dare muna kankare ta.

Abin da na koya ranar, ga shi, ku riƙe. Shaidar kaya ba ta mai kaya ba ce shi kaɗai. Kai ka buga ta, amma mai saye ne ke karanta ta, kuma da idon gidansu zai karanta, ba da idon kantin Bature ba. Kafin ki sa wa kayanki wata alama, ki tambayi inda kayan za su kwana, a kan allo ko a makewayi. Kuma duk abin da mai gida ya ce asiri ne har ba za a gaya wa wanda ya sani ba, ki tsaya ki duba shi sau biyu, ko da ba ki iya karatu ba. Ni da na ɗauki curi ɗaya na taka zuwa ƙofar Malam, taku arba'in ne, da Tumba ba ta sha ba.

Washegari da na idar da sallar asuba na wasa wuƙar yankan kitse, na shimfiɗa sabon faifai, na sa aka jera mini kwandunan. Na riƙa ɗaukar curi ɗaya ɗaya ina yanke fuskar, rubutun na faɗawa kan faifai. Ban yi ƙyashi ba, yanka mai zurfi na yi. Sai ga cikin sabulun ya bayyana, sumul, yana sheƙin mai, ba farin toka ko ɗigo. Tun da nake ban taɓa nuna wa mai saye cikin curi ba, kuma ba mai yi a garin nan.

Ige ta iso da hantsi ta tsaya tana kallo. "Goggo, wanga ai kamar an yi masa aski. In anka tambaye ni mi zan ce?"

"Ki ce askakke ne. Ki ce daga yau na gidan Hajo askakke ne, kowa ta duba cikinsa kafin ta saya."

"In 'yan Gidan Dahala sunka aske nasu fa?"

Na ce, "Su aske. Wadda ke ƙyashin kitse, in ta buɗe cikin curinta toka za a gani."

Audu ya fito yana murza ido, ba hula, ya tsaya a kan faifan yana kallon sunansa a tare, yanka a kan yanka. Ya buɗe baki zai yi magana. Na miƙa masa fartanya na nuna masa gindin bango ta gabas, inda ba mai bi.

Na ce, "Malam Abdullahi, je ka haƙa. Ka yi zurfi."